Ma'anar "saurin ƙuna" a albarushi da makamashin roka

Albarushi ba fashewa yake yi ba, ƙonewa yake. Wuta tana kama bayan kowace ƙwaya, ta riƙa cin ta zuwa ciki. Nisan da wutar ke ci a daƙiƙa ɗaya shi ake kira saurin ƙuna, kuma yawanci da milimita ake auna shi. Nakiya irin TNT daban take, domin girgizar da ke tarwatsa ta tana gudun kusan mita 6,900 a daƙiƙa.

Saurin ƙuna ba ya tsayawa wuri guda: yana bin matsi. Matsi ya hau, wuta ta ƙara ci, gas ya ƙaru, matsi ya sake hawa. Injiniyoyi na rubuta shi r = aP^n, inda r shi ne saurin ƙuna, P matsi, a lambar da ta danganta da irin makamashin, n kuwa ke nuna yadda saurin ke bin matsi; kuma hankalinsu na kan n. A roka dole ya gaza 1, galibi tsakanin 0.2 da 0.5. Da zarar ya kai 1, maƙogwaron da gas ke fita ba zai iya rage matsin ba, sai gangar rokar ta tsage.

Abu na biyu shi ne faɗin fuskar da ke cin wuta. Shi ya sa ake huda rami a tsakiyar daskararren makamashin roka. A rokokin gefe na kumbon Space Shuttle na Amurka, wanda aka daina amfani da shi a 2011, ramin sashen gaba tauraro ne mai tsini 11: da farko fuska mai faɗi, ƙarfi mai yawa, sannan tsinayen su cinye, turi ya ragu daidai lokacin da iska ta fi takura kumbon. Wutar na cin kimanin milimita 9 a daƙiƙa, ta gama cikin minti biyu. Tsaga ƙarama a jikin makamashin kuwa sabuwar fuska ce da ba a lissafa ba, kuma ta isa ta fasa roka.

A bindiga lissafin ya juya. Harsashi na tafiya, wurin da gas ke cikawa na ƙaruwa, komai ya ƙare cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, matsi kuma kan kai ninki 4,000 na matsin iskar duniya. Gajeren bututu na son albarushi mai saurin ci, dogo na son mai jinkiri. Ƙwayoyin albarushin igwa ma ana yi musu huji bakwai don fuskar ƙuna ta riƙa faɗaɗa yayin da harsashi ke gaba. Wanda ya cika kwanson doguwar bindiga da albarushin ƙarama, gas zai taru kafin harsashi ya matsa, ƙarfen ya yage a gaban fuskarsa.