Ba nisan rana ke kawo sanyin hunturu ba

An daɗe ana cewa wai da bazara duniya ce ke matsawa kusa da rana, da hunturu kuma ta ja baya. Maganar ta yi kama da gaskiya, kowa ya san zama kusa da murhu.

Sai dai a farkon Janairu, tsakiyar hunturu, duniya ta fi kusantar rana, kimanin kilomita miliyan 147. A Yuli nisan kan kai miliyan 152.

Duniya a karkace take, da kusan digiri 23.5. A Disamba arewacinta ke kauce wa rana, haske ya zo mana a gicciye, busasshiyar iskar Sahara kuma ta taso da ƙura har leɓe ya tsage. A Disambar kuwa mutanen Ostareliya, da ke kudancin duniya, zafi suke sha. Da nisa ne, ai da tare za mu ji sanyin.

Kafa sanda a tsakar gida, ka duba inuwarta da tsakar rana. A Kano ko Damagaram, a Disamba doguwa ce, ta yi arewa. A Yuni sai ta gajarce ta koma kudu.

Don Allah a tura wa 'yan uwa su ma su gwada.