An zo kama ɗa an tafi da uba: me doka ta ce?

Abu ne da aka saba ji a Zariya, daga Tudun Wada har Samaru. A zo neman yaro a gida ba a same shi ba, sai a ce wa tsoho ya sa takalminsa ya biyo su caji ofis, ya zauna bayan kanta har ɗansa ya kawo kansa. Makwabta su taru a ƙofar gida suna ba da haƙuri, kowa na ganin haka tsarin yake.

To ba haka yake ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ta maye gurbin ta 1943, ta faɗa a sashe na 36 cewa ba a kama mutum a madadin wanda ake tuhuma. Uba ne, mata ce, ko yaron shago, muddin ba shi ake zargi ba, riƙe shi haramun ne. Tun 2015 dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta hana wannan a sashe na 7, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2017.

Haka zancen bashi. Wanda ya karɓi buhunan masara a kasuwar Sabon Gari ya kasa biya, maganarsa ta kotu ce, ba ta ɗan sanda ba. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sai fa in da zamba a ciki. A nan laifin namu ne ma, don mu muke kai ƙarar muna cewa a ɗan tsorata shi.

Wanda aka kama bisa zargi na gaske shi ma yana da kariya. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a Zariya kotuna ba su yi nisa ba. Laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai aka ware. Yana da damar yin shiru har ya ga lauya. Belin caji ofis kyauta ne, mace ma tana iya tsaya wa mutum.

In an tsare wani naka ba bisa ƙa'ida ba, rubuta ranar, da lokacin, da sunan jami'in. Lauya zai iya shigar da ƙara a Babbar Kotu, kuma sashen nan na 35 ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a.