Tafiyar ƙafa a Gashaka Gumti

Gashaka Gumti gandun daji ne na gwamnatin tarayyar Najeriya, shi ne kuma mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, yana iyaka da Kamaru. An kafa shi a 1991, bayan an haɗe dazuzzuka biyu da aka killace tun 1972, wato Gashaka da Gumti. Ɓangaren Gumti na arewa shimfiɗaɗɗen daji ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Gashaka kuwa, a kudu, duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi, kuma can masu tafiyar ƙafa suka fi nufa.

A nan ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal. Tsayinsa mita 2,419 ne, babu wanda ya kai shi a Najeriya. Akwai kuma Chappal Hendu, wanda ya samo sunansa daga kalmar iska a Fulatanci, kuma duk wanda ya kwana a kansa ba ya buƙatar a yi masa bayani. Mai zuwa daga Jalingo yakan bi ta Bali ya sauka a Serti, inda ofishin gandun yake. Nan ake karɓar izinin shiga, a haɗa mutum da ma'aikacin daji da 'yan dako. Shiga ba ɗan rakiya ganganci ne, domin hanyoyin na shanu ne da na mafarauta, suna rabuwa ba alama. Hawan Chappal Waddi yakan ci kwanaki, ana kwana a tanti.

Ruwa ne ke tsara tafiyar, ba tsayin dutse ba. Koguna irin su Mayo Kam da Mayo Gashaka da Mayo Gamgam daga waɗannan duwatsu suke gangarowa, su zuba a kogin Taraba, shi kuma ya kai Binuwai. Da damina sukan cika su batse, wurin da aka tsallaka da safe ruwa iya gwiwa, da la'asar sai ya gagara, ko da ba a ga ɗigon ruwan sama a wurin ba, don can saman dutse aka yi shi. Shi ya sa lokacin tafiya shi ne daga Disamba zuwa Maris. Ko a ranin ma ƙetarewa tana da ƙa'ida: a kwance ɗamarar jaka, a ɗora kaya a ka, a dogara sanda ta gefen da ruwan ke fitowa, a riƙa jan ƙafa a kan duwatsu masu santsi ba ɗagawa ba. A wurare masu zurfi na Mayo Kam akwai dorina da kada, akwai kuma giwan ruwa da tsage, waɗanda ke jawo masu kamun kifi da ƙugiya.

Daga kwari zuwa ƙololuwa yanayi yana sauyawa sau da yawa. A ƙasa zafi ne da tsando. A tsakiya kurmi ne mai duhu, mazaunin birai iri-iri, har da cimfanzi, wanda saboda shi aka buɗe sansanin bincike a Kwano a 2000. Ganinsa sai sa'a, an fi jin ihunsa da asuba ko a ga sheƙar da ya kwana a saman itace. A can ƙoli kuwa ciyawa ce zalla, ga raɓa mai jiƙa wando har ƙugu, ga sanyin da ke sa ɗan Kano ya nemi bargo na biyu. Hazon hunturu yakan rufe nesa, wanda ya hau don hango Kamaru sai ya sauko bai gan ta ba.

Duwatsun ba kufai ba ne. Fulani makiyaya suna zaune a kansu a wuraren da aka keɓe musu, kamar Selbe da Filinga, kuma matafiyi yakan sami nono a rugarsu. Zamansu da hukumar gandun ba kullum yake lafiya ba, saboda kiwo da ƙona ciyawa da rani. A kusa da ƙauyen Gashaka kuma akwai kangon sansanin Jamusawa, tun zamanin da yankin ke ƙarƙashin Kamarun Jamus. Bai shigo Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961.