Idan Rana Ta Take, a Fitar da Yara Daga Filin Wasa

Washegarin wata Ƙaramar Sallah da ta faɗo a tsakiyar bazara, ina bakin aiki a ƙaramin asibitin unguwarmu, da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma, wani magidanci ya shigo da 'yarsa saɓe a kafaɗa, mahaifiyarta tana biye da shi riƙe da takalman yarinyar a hannu. Shekarunta uku da 'yan watanni. Tana sanye da rigar leshi mai shafi a ciki, kwallin idonta ya narke ya gangaro kan kumatu, leɓunanta sun bushe sun yi fari. Da na tambayi uwar yaushe rabon yarinyar da yin fitsari, sai ta yi shiru tana tunani, can ta ce tun kafin su baro gida. Sun isa wurin wasan yara wajen sha ɗaya da rabi, suka bi layin sayen tikiti, suka bi layin lilo, suka koma layin ƙaramin jirgin ƙasa. Yarinyar ta fara rigima tun kiran azahar, aka saya mata askirim ta yi shiru, ta sake tayar da rigima aka tsawata mata, daga baya ta daina kuka gaba ɗaya, har uban ya ɗauka ta haƙura ne. Sai da ta yi amai ta langaɓe a hannun yayarta hankalinsu ya tashi.

Mun tuɓe mata kaya, mun jiƙa jikinta da ruwa muna yi mata fifita, muka riƙa ba ta ruwan gishiri da sukari da cokali, kuma cikin ikon Allah kafin magariba ta tashi zaune tana neman takalmanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar mahaifinta. Ya ce, "Malama, kuɗin shigar mutum biyar na biya, sai na ga bai kamata mu juya ba yaran ba su gama hawa komai ba." Wannan bawan Allah ba sakarai ba ne, kuma ba wanda zai ce bai damu da 'ya'yansa ba, domin wanda bai damu da su ba ba zai tara kuɗi tun cikin azumi don ya kai su yawon Sallah ba. Kuskurensa ɗaya ne, kuma kuskure ne da yawancinmu muke yi: ya ɗauki hutun tsakar rana a matsayin asarar kuɗin da ya biya, alhali wannan hutun shi ne zai sa yaran su mori kuɗin su dawo gida lafiya.

Dalilin da ya sa nake wannan magana da babbar murya shi ne lokacin da bukukuwanmu suke faɗowa a 'yan shekarun nan. An yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu a 2023, ranar 10 ga Afrilu a 2024, sannan a ƙarshen Maris a 2025. Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, Babbar Sallah ita ma tana gangarowa daga Yuni zuwa Mayu, daga nan kuma za ta shiga Afrilu, wato za mu ɗauki shekaru muna yin ta a cikin tsananin zafi. Hutun Ista da hutun makaranta na ƙarshen zango na biyu su ma a wannan tsakanin suke. A watan Afrilu ba abin mamaki ba ne zafi ya kai digiri 40 ko ya wuce a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram, kuma ya kamata a sani cewa a inuwa ake auna wannan adadin, don haka yaron da yake tsaye a kan siminti cikin cunkoson jama'a yana shan abin da ya fi haka. Ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mako guda kafin Sallah. A irin waɗannan ranaku ne dubban iyalai suke cika Gidan Zoo na Kano, wanda yake karɓar baƙi tun farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ko Magicland da ke kusa da babban filin wasa na ƙasa a Abuja, da sauran wuraren shaƙatawa manya da ƙanana.

Jikin ƙaramin yaro ba ya jure zafi kamar na babba. Faɗin fatarsa yana da yawa idan aka kwatanta da nauyinsa, saboda haka yana kwasar zafi daga iska da rana cikin sauri, kuma ba ya fitar da gumi sosai kamar yadda babba yake yi. Gajere ne, kansa yana kusa da ƙasar da ta ɗauki zafi, kuma a cikin layi manya ne suke tare masa iskar da take kaɗawa. Wani abu kuma, yaro ɗan shekara biyu ko uku ba ya cewa yana jin ƙishirwa idan hankalinsa yana kan lilo, ba ya kuma iya cewa jiri yana ɗibarsa. Abin da yake iyawa shi ne kuka, da jefar da abin da ke hannunsa, da kwanciya a ƙasa yana birgima, mu kuma sai mu kira shi rigima ko shagwaɓa. Sau da yawa wannan rigimar ita ce sanarwar farko cewa jikinsa ya fara gazawa.

Ga kuma barci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara uku zuwa huɗu kuma awa 10 zuwa 13, har da barcin rana a ciki. To a kwanakin Sallah yaushe yaro ya samu wannan? An kai dare wajen kitso da lalle da jiran tela, an tashe shi da asuba don zuwa Idi, an yini yawon gaishe-gaishe, washegari kuma an kai shi wurin da kiɗa yake tashi, injuna suna ƙara, mutane suna turereniya. Yaron da ya saba kwanciya bayan azahar, jikinsa bai san an biya kuɗin tikiti ba.

Hutun da nake nufi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manomi yana sammako ne don ya yi aikinsa kafin rana ta take, makiyayi yana kora dabbobinsa gindin bishiya da tsakar rana, malamanmu kuma sun daɗe suna karantar da falalar ƙailula, har ma ya inganta cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da a jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta. A Saudiyya doka ta hana sa leburori aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma daga 12:30 zuwa 3 a wannan tsakanin. Ƙarti ke nan majiya ƙarfi da suka saba da wahala. Ko dabbobin da muke kai yaran su kalla, wanda ya taɓa zuwa gidan zoo da ƙarfe ɗaya ya san zaki yana can kwance a lungun da ya fi inuwa, ba abin da yaro zai gani sai bayansa.

Shawarar da nake bai wa iyaye ita ce a yanke maganar hutun tun a gida, kafin a hau mota, domin idan aka bari sai an shiga ciki yara sun ga kayan wasa, ba wanda zai iya yanke ta. Hanya biyu ce. Ta farko, a isa wurin da zarar an buɗe, lokacin da layi bai yi tsawo ba kuma ƙarafan lilo ba su ɗauki zafi ba, a yi wasa awa biyu ko uku, sannan kafin ƙarfe sha biyu a janye. Ta biyu, wadda na fi so ga masu jarirai da 'yan ƙasa da shekara uku, a yi zaman gida har a sallaci la'asar, yara sun ci sun yi barci, sannan a fita. Abin da ya fi kowanne muni shi ne wanda muka fi yi, wato a ɓata safiya wajen kwalliya da jiran juna, a isa da rana tsaka. Rana ta fi ƙuna daga sha biyu zuwa ɗaya, iska kuma ta fi zafi daga biyu zuwa huɗu, saboda haka hutun da bai kai la'asar ba bai cika ba.

Idan gida ko masauki yana kusa, a koma can, a watsa wa yara ruwa, a ba su abinci, a kwantar da su. Amma kafin a fita a tambayi masu tsaron ƙofa ko tikitin yana ba da damar fita da dawowa, domin wurare sun bambanta a kan wannan. Idan ba zai yiwu ba, to a yi hutun a ciki, kuma a yi shi da gaske. A nemi inuwar bishiya mai duhu ko rumfar da iska take ratsawa, nesa da lasifika, a shimfiɗa tabarma ko zane, a cire wa yara hula da safa da takalmi da rigar sama. Shadda mai sitati da leshi mai shafi an yi su ne don hoto da gaisuwar kakanni, saboda haka uwa ta sako 'yar riga mara nauyi ta auduga a jaka, a ɗauki hoton Sallah da farko sannan a canza. A zauna har la'asar, idan ba hali kuma aƙalla awa ɗaya da rabi. Ko yaro bai yi barci ba, kwanciyar da ya yi a jikin mahaifiyarsa ba tare da hayaniya ba tana rage masa gajiya ƙwarai.

Ruwa kuwa ba a jira sai lokacin hutu. A riƙa miƙa wa yaro yana kurɓa duk bayan kamar minti ashirin, ko bai nema ba. Lemon kwalba da askirim ba sa maye gurbin ruwa, kuma zoɓo ko kunun ayar da ya yini a rana a cikin robar da ba a san da wane ruwa aka haɗa shi ba yana iya jawo gudawa, wadda ita ma ƙarar da ruwan jiki take yi. Kankana da lemon zaƙi da aka yanka a gaban mutum sun fi. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a ba shi ruwa ko da zafi ya kai inda ya kai, nono ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, ita kuma uwar ta sha ruwa sosai.

A kan jarirai akwai abin da nake gani kullum yana damuna. Uwa ta goya jariri, ta ɗaure da majanyi, sannan ta saki hijabi mai kauri ta rufe shi ruf don kada rana ta taɓa shi. Niyyar mai kyau ce, amma jaririn yana tsakanin zafin bayan uwarsa da yadin da ba ya barin iska ta shiga, kuma ba mai ganin fuskarsa. Haka ma rufe keken jarirai da tawul ko mayafi yana ƙara zafin ciki ne. Lema ta fi, kuma a riƙa sauke goyo a inuwa ana duba shi. Mota ma ba ɗakin barci ba ce. Zafin cikin motar da aka kashe aka rufe yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10 cikin minti 10, kuma sauke gilashi kaɗan ba ya hana hakan, don haka kada a bar yaro a ciki wai don yana barci ba a son tashinsa. Kafin a ɗora yaro a kan silalo na ƙarfe ko a tura shi cikin gidan tsalle na roba da ake hura wa iska, babba ya fara ɗora bayan hannunsa a kai, idan shi bai iya jurewa ba to fatar yaro za ta ƙone.

Akwai iyalan da suke tura yara su kaɗai, a haɗa ƙanana huɗu ko biyar da yayarsu 'yar shekara goma sha uku, a ba ta kuɗin mota da na lilo. Ita ma yarinya ce da take son ta yi wasa, kuma ba za ta gane alamomin galabaita ba. Fita da 'yan ƙasa da shekara biyar a cikin bazara tana bukatar babba wanda zai iya cewa ya isa haka, a tafi inuwa, kuma a ji maganarsa.

Alamomin da za a lura da su ba masu wuyar ganewa ba ne. Yaron da ya yi awa shida bai yi fitsari ba, ko fitsarinsa ya yi ja ya yi kaɗan, wanda bakinsa ya bushe, yana kuka ba hawaye, idanunsa sun faɗa, ko jaririn da maɗigarsa ta lotsa, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Idan ya haɗa da ciwon kai, tashin zuciya, jiri ko kasala, a kai shi inuwa nan take, a tuɓe masa kaya, a jiƙa wuyansa da hammatarsa da matsematsinsa da ruwa mai sanyi ana fifita. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS kaɗan-kaɗan, a duba jikin ƙunshin don sanin yawan ruwan da ake haɗawa, kuma idan na lita ɗaya ne, ruwan leda biyu ke nan. Idan rabin awa ta wuce bai warware ba, sai asibiti. Amma idan jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, ba ya gane mutane, yana jijjiga ko ya suma, wannan bugun rana ne mai iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya yi kisa, ba a jiran rabin awa. A ci gaba da jiƙa shi a kan hanya, kada a ɗura masa komai a baki idan ba ya cikin hayyacinsa, kuma kada a tsaya neman farasitamol, domin ba ya sauke irin wannan zafin. Ko da yaro ya farfaɗo a gida, idan zazzaɓi ya biyo baya ko wuyansa ya ƙage, a kawo shi a duba, domin watannin zafin nan su ne kuma lokacin sanƙarau a yankinmu.