Jeruwar Tagwayen Kuromosom da Aikin Ƙwayoyin Gado a Ƙudan 'Ya'yan Itace

Ƙudan 'ya'yan itace, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster, shi ne ɗan mitsitsin ƙudan nan mai jajayen idanu da ke dandazo a kan ayabar da ta fara ruɓa. Kowane tantani (ƙaramar ƙwayar da ake gina jiki da ita) na jikinsa yana ɗauke da kuromosom 8, zarurrukan DNA da ke riƙe da ƙwayoyin gado, wato tagwaye 4, a kowanne ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A jikin mutum irin waɗannan tagwaye kowanne yana nasa ɓangare a cibiyar tantani, ba sa jeruwa sai lokacin samar da ƙwai ko maniyyi. A ƙuda kuwa suna kwance kafaɗa da kafaɗa a kusan kowane tantani. Wannan kusanci yana sa ƙwayar gadon da ke kan kuromosom ɗaya ta iya kunna takwararta da ke ɗaya gefen, ko ta kashe ta.

Yadda aka gano shi

Nettie Stevens ce ta fara ba da rahoton wannan jeruwa a 1908, Charles Metz ya faɗaɗa binciken a 1916. Amma sai a 1954 Edward Lewis na jami'ar Caltech a Amurka ya nuna cewa jeruwar tana da tasiri a kan siffar ƙuda, ya kuma raɗa wa al'amarin suna tiransbekshan.

Lewis yana aiki ne a kan ƙwayar Ubx, wadda ke hannun dama na kuromosom na 3, a yankin 89E. Ita ce ke hana sashe na uku na ƙirjin ƙuda ya zama irin na biyu mai fukafukai. Ya haɗa gurɓatattun kwafi biyu daban-daban a ƙuda ɗaya, sai ƙudan ya fito kusan lafiya lau. Daga nan ya haska wa iyayen hasken eksire don kuromosom ɗin su karye su sake haɗuwa a karkace. 'Ya'yan da karayar ta faɗa musu tsakanin ƙugun kuromosom (matsattsen wurin da hannayensa biyu suka haɗu) da yankin 89E sun fito da nakasa a fili, alhali ƙwayar Ubx kanta ba a taɓa ta ba. Abin da ya canza kawai shi ne kwafin biyu sun daina haɗa jiki. Ya tabbatar da wuraren karayar ne ta duba manyan kuromosom na jakar miyau ta tsutsar ƙuda, inda kusan zaren DNA dubu ke manne wuri ɗaya har ana ganinsu da madubin ƙara girma na yau da kullum.

Kunnawa daga ɗaya gefen

Domin ƙwayar gado ta yi aiki tana buƙatar mafari, wurin da ake soma kwafar saƙonta, da kuma mai ingizawa, wani yanki na DNA da ke faɗa wa mafarin a wace gaɓa zai yi aiki da kuma yaushe. Wani lokaci akwai shinge a tsakaninsu da ke tare umarnin.

Misali mafi bayyana shi ne ƙwayar yellow da ke bakin kuromosom X, wadda ke ba jiki da fukafukai duhun launi. A kwafin da ake kira y2, wani baƙon yanki mai suna gypsy ya kutsa tsakanin mafari da masu ingizawa na jiki da fukafukai, ya zama shinge. Ƙudan sai ya fito da jiki rawaya amma gashinsa baƙi, domin mai ingizawa na gashi yana can cikin ƙwayar, shingen bai tare shi ba. Wani kwafin kuma, y59b, masu ingizawarsa lafiya suke amma mafarin ya ɓace, don haka shi kaɗai ba ya haifar da komai. A 1990 Pamela Geyer da Melvin Green da Victor Corces suka nuna cewa macen da ke ɗauke da y2 a gefe ɗaya da y59b a ɗaya gefen tana samun duhun launi: masu ingizawar y59b sun tsallaka sun kunna mafarin y2. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma biyun tare sun ɗauka.

Abin lura a nan shi ne ba kowane gurɓataccen kwafi ne ke taimaka wa y2 ba. Kwafin y1 yana da lafiyayyun masu ingizawa, amma haɗa shi da y2 ba ya gyara launi. Dalili kuwa mafarinsa yana nan daram, ɓarnar tana a wurin fara haɗa furotin ne. Mai ingizawa ya fi son mafarin da ke kan zarensa, ba ya waiwayar na ƙetare sosai sai nasa ya lalace ko ya ɓace.

A 2018 ɗakin binciken Michael Levine a Princeton ya ɗauki hoton abin a rayayyen ɗan tayi, aka sa wa saƙon kowane kwafi nasa launin haske. Sai aka ga mai ingizawa ɗaya yana kunna kwafin biyu a lokaci guda, kuma shingaye irin gypsy a gefen biyu suna ƙara wa haɗuwar ƙarko.

Kashewa daga ɗaya gefen

Kusanci ba kullum alheri yake kawowa ba. Madeleine Gans ta bayyana a 1953 cewa gurɓatacciyar ƙwayar zeste tana mai da idon mace rawaya, namiji kuwa nasa ja ne. Daga baya aka fahimci cewa tana danne ƙwayar white ne, wadda ke kan kuromosom X kuma ke ba ido launi, idan kwafi biyu na white suna jere. Namiji X ɗaya gare shi, don haka ya tsira.

Ƙwayar brown ta kuromosom na 2, wadda ita ma ta shafi launin ido, ta fi ban mamaki. A wani kwafinta, dunƙulen DNA mai maimaita haruffan AAGAG ya shiga tsakiya. Dunƙulen yana jan kwafin zuwa yankin da ke curarre kusa da ƙugun kuromosom, inda ƙwayoyi ba sa aiki, kuma da yake lafiyayyen kwafin yana manne da shi, sai a tafi da shi can a rufe masa baki. Haka kuma yankunan da furotin na rukunin Polycomb, masu danne ƙwayoyin gado, ke kamawa sun fi danniya idan biyu suka jeru, shi ya sa ƙuda mai kwafi biyu na ƙwayar launin ido da aka dasa tare da irin wannan yanki kan fito da ido mafi fari fiye da mai kwafi ɗaya.

Abin da ke haɗa su da abin da ke raba su

A farkon ɗan tayi rabuwar cibiyoyi tana gudu ƙwarai, tagwayen ba sa samun sukunin neman juna. Jeruwar tana kankama ne wajen zagaye na 14 na wannan rabuwa, lokacin da hutu tsakanin rabuwa ya tsawaita, kuma tana farawa daga wurare da dama a lokaci guda; yankin ƙwayoyin histon, furotin da DNA ke naɗewa a kai, yana cikin na farko. A 2008 ɗakin binciken Giovanni Bosco ya nuna cewa furotin kondensin II yana raba tagwayen: idan ya yi yawa tiransbekshan ya ragu, idan ya yi kaɗan ya ƙaru.

Inda yake ɓata gwaji

Mai bincike da ya manta da wannan zai iya karanta sakamakonsa ba daidai ba. Yau ana dasa ƙwayoyin gwaji a ƙayyadaddun wurare, kamar attP40 a kuromosom na 2 da attP2 a na 3. Idan aka dasa abu biyu daban a wuri ɗaya, ɗaya a kuromosom na uwa ɗaya a na uba, mai ingizawar wannan na iya kunna mafarin wancan, sai alamar gwajin ta bayyana a tantanin jijiyar da bai kamata ba. David Mellert da James Truman sun nuna haka a 2012, kuma ba a kowane tantani yake faruwa ba, wanda hakan ke sa ganewa ya yi wuya. Maganin shi ne a dasa su a wurare daban-daban, a kuma gwada kowanne shi kaɗai kafin a haɗa. Sannan a kula da kuromosom masu juyayyun sassa da ake riƙe zuriya da su, kamar CyO da TM3: suna dagula jeruwa, don haka ƙudan da ke ɗauke da su bai dace a auna wani da shi ba a gwajin da ya dogara ga kusancin tagwaye.