Tasirin Radiyeshin ga Dabbobi a Farkon Rayuwa

Radiyeshin mai ratsa jiki, irin na hoton eksire da hasken gama da ke fitowa daga sinadarin kobalt-60, yana lalata DNA, wato sinadarin gado, na ƙwayoyin jiki. Girman ɓarnar ya danganta da yawan abin da jiki ya sha, da kuma shekarun dabbar a lokacin. Tun 1906 wasu likitocin Faransa biyu, Bergonié da Tribondeau, suka nuna cewa ƙwayoyin da ke saurin rabuwa su suka fi saurin cutuwa. Ɗan tayi da jariri kuwa, kusan duk jikinsu a kan rabuwa yake.

A shekarun 1950, Liane Russell ta yi gwaji kan ɓeraye masu ciki a Oak Ridge ta Amurka. Idan hasken ya sami ɗan tayi kafin ya maƙale a mahaifa, ko dai ya mutu ko ya fito kamar ba abin da ya taɓa shi. Idan ya same shi lokacin da gaɓoɓi ke haɗuwa, sai nakasa. Ciwon daji ya fi bin hasken da aka sha a ƙarshen ciki da bayan haihuwa.

Gwajin da ya fi bayyana lamarin shi ne na Jami'ar Jihar Kolorado, kan karnuka 1,680 'yan nau'in bigil, waɗanda aka bibiya har mutuwarsu. An haska wasu a kwana 8, 28 ko 55 na ciki, wasu a kwana 2, 70 ko 365 bayan haihuwa, aka bar 360 ba a haska ba don kwatance. Cikin karya kwana 63 ne, kenan 'yan kwana 55 suna dab da fitowa. Su da 'yan kwana biyu ne sankara mai kisa ta fi kamawa tun ba su kai shekara huɗu ba. Amma da aka lissafa matsakaicin tsawon rai, babu rukunin da ya nuna raguwa ta a zo a gani. Dalili shi ne waɗanda suka mutu da wuri 'yan kaɗan ne, sai yawan sauran ya shanye su a lissafi. Wanda ya dubi tsawon rai kaɗai zai ce ba a yi ɓarna ba, kuma zai yi kuskure.

A ɓeraye, inda akan ƙara yawan hasken, rai yana gajarta a fili, galibi saboda ƙari.

Ya kamata a lura da ma'auni: mafi ƙanƙantar abin da aka ba karnukan, kusan Gy 0.16 (Gy shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha), ya ninka hoton ƙirji guda fiye da sau dubu. Duk da haka, irin wannan sakamako yana cikin dalilan da suka sa mai ɗaukar hoto a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ko wani asibitin Agege yake tambayar mace, "Hajiya, akwai juna biyu?" kafin ya kunna na'ura. Sikanin ciki da mata ke zuwa yi a awo da sauti yake aiki, ba ya cikin wannan lissafi. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa (NNRA), wadda dokar 1995 ta kafa, ita ke ba da lasisin injinan eksire a Najeriya.