Ungozomanci a Sakkwato

Ungozomanci sana'a ce ta kula da mai haihuwa da jaririnta. A Sakkwato sunan ungozoma, ko unguwarzoma, ya haɗa tsohuwar da ta gaji aikin a gida da ma'aikaciyar asibiti mai takardar shaida, ko da yake aikin nasu ya sha bamban.

Ungozomar gargajiya

Galibi dattijuwa ce da ta daina haihuwa, wadda ta koyi aikin a hannun uwa ko kaka. Ba kasafai take karɓar haihuwa ba. Kunya kan sa mace ta ɓoye naƙuda, ta durƙusa ita kaɗai a ɗaki, sai an ji kukan jariri a aika yaro ya kira ungozoma. Ita ke yanke cibiya, a da da tsiyayar kara, daga baya da reza. Ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta wanke jariri, ta riƙa gasa masa cibiya har ta faɗi.

Daga nan sai wankan jego, wanda Sakkwatawa kan ce wa wankan biƙi: tafasasshen ruwa safe da yamma, ana fyaɗa shi a jiki da ganyen darbejiya ko na tsamiya, har kwana 40, mai haihuwar fari kuwa takan zarce haka. Ana haɗawa da kunun kanwa da gasasshen nama mai yaji. Tun wajen shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kanwa da tsananin zafin nan da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ladan ungozoma ranar suna yake fitowa, hatsi da sabulu da kasonta na naman rago.

Yankan gishiri, da ake yi wa wadda naƙuda ta yi wa gardama, yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, kuma ma'aikatan lafiya sun hana shi.

Aikin asibiti

Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ke ba da lasisi. Ana karɓar haihuwa mai wuya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru, sai Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha mai sashen ɗinkin yoyon fitsari. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomi asibitocin karkara. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwar da ake yi a asibiti a jihar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Nisa, kuɗin mota, jiran izinin maigida da ƙyamar ma'aikaci namiji su ne dalilan da aka fi ambata.

Ganin yawan haihuwar gida, tun a wajajen 2013 jihar ta kai magani har gida: ƙwayar misoprostol uku da mace ke sha da zarar jariri ya faɗo don tsai da zubar jini, da man chlorhexidine na shafa wa cibiya a madadin toka ko man goge baki.

Matsayinta a yau

Ana saɓani. Wasu na ganin a horar da ungozomar gida, wasu kuma a taƙaita aikinta ga raka mai ciki awo da kai ta asibiti.